Sawun Taya a Ƙofar Gandu

Ranar Alhamis da hantsi ina durƙushe a ƙofar shagona, ina zare ƙaya ta uku daga tayar keken Mai Burodi, sai motar gandun daji ta ci birki a gabanmu har ƙura ta faɗa min a shayi. Shugabar gandun ce da kanta ta fito, ko sallama babu.

"An sace Marainiya," in ji ta.

Marainiya 'yar barewa ce da ma'aikatan gandu suka tsinta wata huɗu da suka wuce, ba uwa. Suka yi mata ɗan shinge kusa da ƙofar gandu suna shayar da ita da fida. Babu yaron makaranta a kwarin nan da bai je ya shafa kanta ba. Don haka kafin Shugaba ta rufe baki, rabin kasuwa ya taru a kaina.

Ta miƙo min wayarta. "Mai Faci, kai ne sakataren masu tseren keke. Duba wannan sawun."

Hoton ƙasa ne, da sawun taya siriri. Duk bayan taku uku akwai wata alama kamar tafin kaza. Ni na yi wannan tafin kazar da hannuna. Ɗinki ne da na yi wa tayar bayan Mai Burodi da zaren kamun kifi, wata biyu da suka wuce, kuma ga tayar nan a kan cinyata tana kallon kowa.

"Ɗinkina ne," na ce. Me zan ce? Ga ƙaya uku a hannuna, alhali a kwalta kawai muke tuƙi.

Mai Burodi ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Ni? Barewa? In kai ta ina?"

"Dama na faɗa," in ji wata mai tumatir daga baya. "Magidanci da girmansa ya matse cikin wandon roba yana hawan tsauni da sassafe, ai akwai abin da yake nema."

Wani tela ma ya ce an gan shi ƙarfe takwas da rabi ya iso ƙofar gandu yana haki. To wace rana ce ba ya haki?

Shugaba ta ɗaga hannu. "Na ba ku zuwa la'asar. In Marainiya ba ta dawo ba, na miƙa shi ga 'yan sanda, titin sama kuma na rufe shi. Ku nemi inda za ku yi tserenku."

Titi ɗaya ne a kwarinmu. Ya taso daga kasuwa, ya bi gefen rafi, ya nannaɗe tsauni har ƙofar gandu, kuma kilomita takwas na ƙarshe a hannun Shugaba suke. Jibi Asabar ne tserenmu na shekara. Amma ni ba tseren ne ya dame ni ba, Mai Burodi ne. Shekara biyu da suka wuce likita ya ce masa ko ya rage jiki ko zuciya ta rage masa kwana. Ranar da ya fara hawa, a gada ya kwanta kan ciyawa yana salati. Tun daga nan bai yi fashin safiya ɗaya ba. Wannan ne tserensa na farko, matarsa har ta ɗinke masa lamba arba'in da ɗaya a bayan riga. Yanzu ga shi tsaye da garin fulawa a gira, maƙwabta suna kallonsa da idon ɓarawo. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

*

Surukina shi ne Baba Mai Sawu. Shekara talatin ya yi yana bin sawun namun daji da mafarauta a gandun kafin ya ajiye aiki. Mutum ne da ba ya kallon fuska in ana gaisawa, takalminka yake kallo. Ranar da na je neman 'yarsa, daga bayan labule ya ce a gaya wa mai tafiya kamar agwagwa ya shigo.

Na same shi yana gyaran igiyar shanya. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe labari na faɗa masa.

"Kai ka yarda ya sata?"

"Baba, mutumin da ke raba wa karnukan layi guntun burodi?"

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Amma tashi mu je. Ka ɗauko kekenka, ka sa a bayan motar Shugaba."

*

Daga kwalta zuwa shingen Marainiya akwai 'yar hanyar ƙasa mai hawa, kamar taku ɗari, duk ƙaya ce gefe da gefe. Baba ya hana kowa taka ta. Ya bi ta cikin ciyawa, hannu a baya, yana sunkuyawa kamar mai neman allura.

Sawun taya biyu ne, ɗaya ya hau ɗaya ya sauko. Kusa da na saukowar ga ƙananan kofatan Marainiya a jere.

"Ba janta aka yi ba," in ji Baba. "Da ƙafarta ta bi shi, tana ma tsalle. Ta san shi."

"Kowa ta sani," in ji Shugaba. "Shi kansa Mai Burodi kullum sai ya tsaya ya kira ta."

Baba ya sunkuya. Ya nuna wani dogon layi a gefen kowane sawun taya, inda aka share ƙasa da ganye. Sawun mutum ko ɗaya babu.

"Mai Faci, kilo nawa abokin naka yanzu?"

"Tamanin da tara, in bai karya ba."

"Hau kekenka ka bi ta can gefe, in ga zurfin da taya ke yi."

Na dube shi na dubi ƙayar. "Baba, ku yi haƙuri, ko da bindiga ba zan hau ba. Tayar tsere fa kamar fatar albasa take. In muka zo wuri irin wannan, a kafaɗa muke saɓa keke."

"Dukkanku?"

"Duk wanda ya taɓa yin faci a gefen titi rana na dukansa."

"To tura shi a nan, inda babu ƙaya."

Na tura shi taku goma a kan rairayi na dawo. Baba ya tsuguna ya daɗe yana kallon sawuna, ya koma ya kalli wancan layin da aka share. Sai na ga yana murmushi, abin da ko a bikin 'yarsa ban gani ba.

"Me kuka gani, Baba?"

"Agwagwa," in ji shi. "Ina mai gadi?"

*

Mai gadin ƙofar dattijo ne mai farin gemu, yana zaune a ɗakinsa ya lulluɓe gwiwoyi da mayafi duk da zafin da ake yi. Ya rantse bai motsa daga ƙofa ba tun asuba.

"Ko nan da can?" in ji Baba.

"Ko nan da can."

Baba ya fita ya zagaya bayan ɗakin, muna biye da shi. Wata 'yar hanya ta kai mu bayan wani tudu, inda akwai fili. Ban taɓa ganin sawun keke irin na wurin ba. Ya karkace nan, ya karkace can, ya yi da'ira, ya shige cikin wani kurmi. Ga shatar jikin mutum a ƙasa har wuri huɗu.

Shugaba ta zaro ido. "Kokawa aka yi a nan?"

Ni kuwa har na fara murna, na ce mun kama ɓarawo. Baba ya sa hannu cikin kurmin ya jawo wani tsohon keke mai kwando, ƙatuwar taya, birki ɗaya. Ya juya ga mai gadi da ya biyo mu yana ɗingishi.

"Ɗage mayafin."

Gwiwoyi biyu duk sun sha ƙasa, an shafa musu jan magani. Dattijo ya sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe, ki rufa min asiri. Shekarata sittin da biyu ban iya keke ba. Kullum ina zaune suna wuce ni kamar tsuntsaye, har da wannan mai ƙibar. Shi ne na ce, shi ma da ya iya, balle ni. Daga shida zuwa bakwai nake zuwa nan, sati uku ke nan."

Na yi ƙoƙarin danne dariya, ta fito min ta hanci. Shugaba ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

"Wa ya san kana barin ƙofa?" in ji Baba.

"Babu kowa. Sai dai masu wucewa ta kwanar sama, daga can ana hango filin."

*

A gidan burodi muka sami abokina zaune kan buhun fulawa. Burodin rana ya ƙone a tanda bai ma sani ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da rigar tseren, ta rasa ko ta ninke ta ko ta rataye.

Baba ya tambaye shi inda keken yake kwana.

"A bayan ɗakin gashi, jingine da bango."

"Da kwaɗo?"

"Wa zai saci keken da ya san nauyina?"

"Yaushe ka hau shi yau?"

"Bakwai, bayan na fitar da gashin farko. Na je sama na juyo, a hanya tayar ta fara saki. Ban sauka daga kwalta ba, Baba, wallahi."

"Kafin bakwai wa ke shigowa ta baya?"

"Mai fulawa, amma shi sai Litinin. Sai mai madara, kullum. Shi kuwa ɗan gida ne, nan yake shan shayinsa."

Direban motar madara muka iske a wurin tara madara yana wanke garewani, sanye da fararen kayan aikinsu, ya naɗe ƙafafun wando har gwiwa. Shi ke zagaya gidajen masu shanu na saman kwari, shi ke ajiye wa Marainiya kwalbarta a ƙofar gandu. Mu masu keke mun san shi da abu ɗaya: hon. In ya biyo bayanka a kwana, sai ya danna har kunnenka ya yi ƙara.

"Shida da rabi na ajiye madara a ƙofa kamar kullum," in ji shi, bai ɗago ba. "Ban ga kowa ba. Ni dai na sha faɗa, masu keken nan ba za su bar mu lafiya ba."

"Ka iya keke?" in ji Baba.

"Allah ya kiyaye! Ni da motata."

Baba ya gyaɗa kai. "Ka zo ƙofar gandu da la'asar, Shugaba na son shaidu."

*

La'asar sakaliya mutane suka cika ƙofar gandu, har da mai tumatir, ta rufe rumfarta don kada a ba ta labari. Baba ya jera mutum uku a gaba: Mai Burodi, mai gadi da direba. Ya sa na kwantar da kekena a kan kwalta.

"Wanda ya ɗauki barewar nan bai hau keke ba," in ji shi. "Sawun ba shi da zurfi, ko yaro ba a kai, balle Mai Burodi. Tura shi aka yi, aka hau da shi aka sauko don a bar mana alama, sannan aka koma da ganye aka share sawun ƙafa. Kuma surukina ya ce duk mai keke saɓa shi yake a wurin ƙaya. To ni ban yarda da maganar suruki haka kawai ba. Kowa ya ɗaga keken nan ya tura min shi taku goma."

Mai Burodi ya ɗaga, ya tura, ya dawo. Mai gadi ya tura yana ɗingishi, jama'a na tambayar juna me ya sami gwiwarsa. Direba ya yi tsaki, ya damƙi keken ya tura.

Sai a lokacin na gane abin da Baba ya gani a sawuna da safe. Na dafe kai.

"Faɗa musu, Mai Faci."

"Sarƙar keke a dama take," na ce. "Duk mai keke ta hagu yake tsayawa in zai tura, don kada baƙin mai ya ɓata masa ƙafa. Ba ma tunani muke yi ba, jiki ne ya saba."

"Ni ma wando biyu na ɓata kafin na koya," in ji mai gadi, sannan ya toshe bakinsa.

"Sharar da aka yi," in ji Baba, "a hawa tana daman taya, a saukowa ma tana daman taya. Mutumin ta gefen sarƙa ya tsaya, kamar yadda wani ya tsaya yanzu." Ya dubi ƙafafun direba. "Ɗana, an gama wankin garewani tun ɗazu. Sauke wandon."

Direba ya tsaya ƙiƙam riƙe da kekena ta dama. Ya sunkuya a hankali ya warware ƙafar dama, fara fes. Ya warware ta hagu. Ga shatar haƙoran sarƙa guda biyar a jere a kan farin yadi, an dirje su da sabulu har wurin ya yi toka-toka. Da ya tambayi matata, da ta gaya masa wannan man ba ya fita.

Kowa ya zuba wa shatar ido. Mai tumatir ce kawai ta ce, "Dama na faɗa."

"Tana gidan innata," in ji direba a hankali. "Ko ƙwarzane babu. Ta sha kwalba uku, ta cinye mata shukar ƙofar ɗaki. Da an rufe titin zan dawo da ita."

"Saboda me?" in ji Shugaba.

Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Ranki ya daɗe, bara ranar tserensu awa uku aka tsare ni a kwanar sama, rana na dukan mota. Madarar gida arba'in ta tsinke. Matan nan sun tashi tun asuba sun tatsa, ni na koma na dube su na ce an zubar. Sau uku ina zuwa wajen sakatarensu in ce a matsar da lokacin, ko da awa ɗaya. Ku tambaye shi abin da ya ce min."

Duk aka juyo kaina. Abin da na ce masa shi ne ya sayi keke ya riƙa kai madarar a kai, kuma har da ƙyaƙyata dariya. Kunya ta rufe ni, musamman da Baba ya ɗago kai ya kalle ni a fuska, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

Mai Burodi ne ya matso. Ba ihu ya yi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

"Na ji wannan. Amma me ya sa ni? Shekara tara kana shan shayi a ɗakin gashina."

"Kekenka ne kaɗai ba kwaɗo," in ji direba, hawaye ya zubo masa. "Na ɗauka titi kawai za a rufe. Ban yi zaton 'yan sanda ba, wallahi ban yi ba."

"Yau matata ta kasa fita ɗibar ruwa saboda kallo. Ka ji min ciwo, ka sani."

Ya juya ya tafi.

*

Kafin magariba Marainiya ta dawo a gaban motar madara, cikinta ya yi tim. Shugaba ta so ta kira 'yan sanda duk da haka. Washegari Mai Burodi ya je ofishinta ya ce a bar maganar, shi dai kada a ce masa ya yi magana da mutumin. Sai ta yanke nata hukuncin. Daga yau tsere ba zai tashi ba sai motar madara ta sauko. Mai gadi zai koma koyon keke bayan an tashi aiki, ni zan koya masa kyauta. Direba kuwa zai bi bayan tseren da motarsa, a bayan na ƙarshe, ya kwashi duk wanda ya gaza.

Ranar Asabar mu hamsin da shida muka tashi daga kasuwa. Ni na zo na sha tara, kada ma a tambaye ni. Muka sha ruwa, aka ba na ɗaya kofinsa, aka ɗauki hotuna, wasu har sun fara sauka. Saura lamba arba'in da ɗaya.

Can sai muka hango shi a kwanar ƙarshe, inda titin ya fi tsayuwa. Keken na karkata hagu da dama, kansa a ƙasa, gudunsa bai fi na mai tafiya da ƙafa ba. A bayansa ga motar madara tana rarrafe. Daga baya na ji cewa tun daga gada suke haka, kilomita goma sha ɗaya. Sau biyu direba ya buɗe masa ƙofa, sau biyu Mai Burodi ya girgiza kai ba tare da ya dube shi ba. Mutumin da bai taɓa bin bayan keke minti ɗaya bai danna hon ba, ya yi fiye da awa guda hannunsa bai je wurin ba.

Mai gadi ya fara ihu, mai tumatir ta kama, matar Mai Burodi ta ruga gefen titi tana kiran sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi. Baba ma ya miƙe tsaye. Tayar mai tafin kaza ta taka farin layin, abokina ya sauke ƙafa ɗaya ya kifa goshi a kan hannun keke, bayansa na hawa da sauka.

Motar ta tsaya taku biyar kafin layin. Direba bai fito ba, yana riƙe da sitiyari da hannu biyu.

Mai Burodi ya daɗe a haka kafin numfashi ya dawo masa. Sannan ya waiwaya, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Kai, mai madara!" in ji shi. "Hon ɗin naka ya lalace ne? To danna mana."

Ya kuwa danna, har Marainiya ta yi tsalle a cikin shingenta.